Me ke hana gyambon ƙafa warkewa?

Yawancin gyambon ƙafa da ɗan abu yake farawa. Ƙunar salansar kabu-kabu, karcen kututturen kara a gona, ƙayar aduwa, ko cizon sauro da aka yi ta susa har ya fashe. A jikin mai lafiya irin wannan rauni ba ya wuce mako biyu ko uku bai kame ba. Amma sai ka ga na wani ya ƙi. Damina ta wuce, aka yi girbi, ɗari ya shigo, yana nan yana ɗingishi da tsumma ɗaure a ƙwauri. Duk wanda ya zo yi masa sannu tambaya ɗaya ce a bakinsa: "Me kake sa masa?" Daga nan kowa ya faɗi nasa: garin bagaruwa, kafso, toka, man birki, baƙin batir. A Tawa da ƙauyukan Adar kuɗin mai gyambo kusan duk a nan suke ƙarewa, a kan abin da za a barbaɗa. Da wuya ka ji wanda ya tambaya me ya sa ciwon da ya warke a ƙafar maƙwabci ya zauna a wannan ƙafar. Alhali amsar wannan tambaya ce ke nuna magani, domin gyambo iri-iri ne, kuma abin da ke warkar da na wani shi ke jawo a yanke ƙafar wani.

Ba banza ba ciwon ya fi son tsakanin gwiwa da idon sawu. Nan yana cikin wuraren da suka fi nisa da zuciya, fatar ƙwauri kuma ba ta da kauri, daga ita sai ƙashi. Rauni ba ya rufewa sai jini ya kawo masa iska da abinci da ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, sannan ya kwashe datti ya koma. Duk mai garkar albasa a Galmi ko Madawa ya san cewa fangalin da ruwa bai kai ba bushewa yake, wanda ruwa ya kwanta a cikinsa kuma ruɓewa yake. Ƙafa ma haka take: ko jini ba ya isowa, ko ya iso ya kasa komawa.

Na biyun ya fi yawa. A ƙasashen Turai, inda aka fi ƙididdige abin, kusan kashi 70 cikin 100 na gyambon ƙafa daga nan yake. Jijiyoyin da ke mayar da jini sama suna da ƴan ƙofofi a ciki masu buɗewa ta gefe ɗaya, kuma duk takun da mutum ya yi naman sha-raɓa ne ke matsa su ya tura jinin. Idan ƙofofin suka saki, saboda gado, ko yawan haihuwa, ko ƙiba, ko gudan jini da ya taɓa toshe jijiyar, ko tsohuwar karaya, sai jini ya dinga taruwa a ƙasa. Da yamma ƙafa ta kumbura ta yi nauyi, da safe kumburin ya sauka. Fatar saman idon sawu ta yi duhu, ta yi tauri, tana ƙaiƙayi, daga baya ta fashe, galibi ta ɓangaren ciki. Ciwon ba shi da zurfi, sai faɗi da yawan ruwa. Doguwar tsayuwa wuri ɗaya tana ƙara shi, shi ya sa kake ganinsa a ƙafar mahauci da mai shayi da mai tsire. Dogon zama ma haka, irin na direban babbar mota.

Maganinsa da ya fi tabbata naɗi ne. Ana naɗa bandeji mai talewa tun daga gindin yatsu har ƙasan gwiwa, ya fi matsewa a idon sawu, yana sassautawa yana hawa, don ya taya jijiyar tura jini sama. Sai yawan takawa don sha-raɓa ya yi aikinsa, sai ɗaga ƙafa ta fi ƙirji tudu in an kwanta hutawa. Da wannan, gyambo da yawa suna rufewa cikin wata 3 zuwa 6 ko da sun daɗe a buɗe. Zama da bandeji har gwiwa a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, azaba ce, ba wanda zai ce ba haka ba. Amma abin da aka saba yi ya fi cutarwa: a ɗaure ciwon shi kaɗai da ƙyalle a tamke, ƙyallen ya shaƙe ƙafar, kumburin ƙasa ya ƙaru.

To ga inda haɗarin yake. In rashin isowar jini ne matsalar, wannan naɗin da kansa zai iya kashe ƙafar. Irin wannan ya fi samun dattijai, musamman mai shan taba ko mai hawan jini ko ciwon suga, waɗanda hanyoyin jininsu suka tsuke. Ciwon yana fitowa a yatsu ko dunduniya ko gefen ƙafa, ƙarami, mai zurfi, busasshe. Ƙafar da sanyi in ka taɓa. In ya yi tafiya sha-raɓa ya ɗaure masa, in ya tsaya ya saki. Cikin dare zogi ya tashe shi, sai ya sauko da ƙafar daga gado tana reto sannan ya samu sauƙi. Duk wanda ya ba da wannan labari, kada a naɗe masa ƙafa, kada kuma a ce ya ɗaga ta. Kafin kowane naɗi, ma'aikacin lafiya ya laluba bugun jini a saman ƙafa da bayan idon sawu. In akwai ƴar na'urar Doppler mai sauraron bugun jini, a auna ƙarfin jini a idon sawu a raba shi da na hannu. Sakamakon da ya gaza 0.8 ba a yi masa naɗi mai ƙarfi, wanda ya gaza 0.5 kuwa likitan tiyata ake nema masa da gaggawa. Awo ne na ƴan mintoci, kuma shi ke raba hanya.

Mai ciwon suga tasa matsalar ta fi ban tsoro don ba ya jin zafi. Sugan da ya daɗe sama yana kashe jijiyoyin ji a tafin ƙafa. Ya taka rairayin bazara da azahar ba takalmi, tafin ya ƙone bai sani ba. Tsakuwa ko ƙusa ta shiga takalmi ya yini da ita. Mai yankan farce ya ɗan taɓa nama, ya ce ba komai. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon suga za su yi ciwon ƙafa a rayuwarsu, kuma mafi yawan yanke ƙafar da ake musu da ɗan ciwo ya faro. Shawarar da aka ba mai matsalar komawar jini, ta yawan takawa, ga wannan guba ce. Ciwon tafin ƙafa ba ya warkewa ana taka shi, dole a ɗauke masa nauyi, da filasta ko takalmi na musamman ko sanda, a kuma saukar da sugan. Alwala dama ce babba a nan: sau biyar a yini mutum yana duba ƙafarsa, sai dai ya riƙa leƙa tafin da tsakanin yatsu, ya tsane su sosai. In ja da kumburi suka fara hawa, ko zazzaɓi ya zo, ko yatsa ya yi baƙi, ba a kwana, asibiti ake nufa a ranar.

Akwai kuma gyambon matasa, wanda ya fi taɓa mini zuciya. Idan ka ga saurayi ko budurwa ba jiki, idanu da ɗan rawaya, ga ciwo daidai idon sawu ya ƙi warkewa, abin farko da ya kamata a auna shi ne sikila, wadda ake kira amosanin jini. Nijar na cikin ƙasashen da ta fi yawa a cikinsu. Ƙwayoyin jinin mai sikila suna lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyi, suna kuma saurin fashewa, abin da ke sa hanyoyin su tsuke, ga ƙarancin jini a kai. Idon sawu, da ma can jininsa kaɗan ne, shi ke fara jin jiki. Ba kasafai ciwon ke fitowa kafin shekara 10 ba. Ya fi zuwa daidai lokacin da yaro ke tsakiyar lakwal ko koyon sana'a, lokacin da yarinya ta fara samun masu zuwa. Zafinsa ya fi girmansa nesa ba kusa ba, ɗan ciwon da babban yatsa zai rufe sai ya hana barci. Yakan rufe ya sake buɗewa shekara da shekaru, har a gida a gaji a fara cewa raki ne, ko kuma shi ne ba ya kula. Wallahi ba raki ba ne. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu sikila, amma daga Tawa tafiya ce ta sama da kilomita 500, ba kowane gida ke iya zirga-zirgar ba. Abin da ake iya yi kusa da gida ba kaɗan ba ne: wanki mai kyau, naɗi in akwai kumburi, hutar da ƙafa, yawan shan ruwa, kula da ƙarancin jinin, da maganin zafi na gaskiya daga hannun likita. Wani gwaji da aka yi a Jamaika a 1970 ya nuna shan sinadarin zinc yana taimakawa. Kuma a kiyaye idon sawun tun bai fashe ba: safa da takalmi, ba tsaga, ba ƙaho, ba ƙarin ruwa ta jijiyar ƙafa in akwai wata hanya.

Sauran dalilan na ƙasa ne da yanayi. Tsofaffi sun san gyambon kurkunu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi a 2013. Kuturta ta ragu amma ba ta ƙare ba, ita ma kashe ji take a tafin ƙafa. Akwai leshmaniya, da wani ɗan ƙwaro mai cizon dare ke kawowa, ƙurji ne da ke fashewa ya bar miki mai tasasshen baki, kuma a Nijar aka fara bayyana ta a Afirka ta Yamma, a 1911. Akwai misetoma, mai shiga ta sukar ƙaya, ƙafa ta kumbura a hankali ta yi ƙofofi tana fitar da ƴan tsaba baƙaƙe ko jajaye ko farare. Wanda kuma ya dawo daga bida a ƙauyukan Kodebuwa ko Gana ko Benin da faffaɗan gyambo marar zafi, bakinsa a rarake ta ƙarƙashi, a tuna da Buruli, wadda ake magancewa da ƙwayoyi iri biyu na mako 8. Kowanne cikin waɗannan da maganinsa na daban, wanki kaɗai ba ya raba mutum da su.

Gyambon da ya yi shekaru yana iya rikiɗa ya zama sankarar fata, wato ciwon daji. Da sunan Marjolin ake kiran irin wannan miki, wani likitan tiyata na Faransa da ya yi rubutu a kansa a 1828. Bakin ciwon ya yi tudu ya juyo waje, nama ya tsiro, abu kaɗan ya yi jini, kaluluwa mai tauri ta fito a cinya. Sai an yanki ɗan nama an kai awo ake ganewa. A nan ne maganar nan ta "daji ba ya son ƙarfe" ke cin rayuka. Mutum ya guji asibiti har ciwon ya kai ƙashi, in ya zo a makare aka yanke ƙafar bai tashi ba, sai a ce ai ga shi nan, ƙarfe ya taɓa shi. Jinkirin ne ya kashe shi. Da wuri, yanke wurin kaɗai yakan wadatar.

Sai maganar wankin kansa. Wanda ya taɓa raka mai gyambo wanki ya san yadda abin yake. Audugar jiya ta bushe ta manne. Tsoho ya cije gefen rawaninsa, ya riƙe benci da hannu biyu. "Baba, yi haƙuri, saura kaɗan." "Ɗana, a hankali, ko jiya ban runtsa ba." A fizge, ɗigon jini ya tsattsafo ko'ina a kan jan naman. Wannan jan nama mai ƙwaya-ƙwaya shi ne sabon da jiki ya kwana yana ginawa, ga shi an tafi da rabinsa a jikin auduga. Gobe a maimaita. Da an jiƙa audugar da ruwan gishiri an ba ta ƴan mintoci, da an ba shi maganin zafi rabin awa kafin a fara, da an shimfiɗa auduga mai basilin kafin a rufe, da ba haka ba.

Mun taso da cewa ciwo sai ya sha iska ya bushe. Tun 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada a fatar alade ya ga raunin da aka rufe ya zauna da ɗan danshi ya fi wanda aka bari a iska saurin yin sabuwar fata kusan ninki biyu. Ƙwayoyin fata rarrafowa suke daga baki zuwa tsakiya, busasshen ɓawo kuma tare musu hanya yake. A ƙasarmu ga ƙura ga ƙuda, rufewa ta zama dole biyu. Ruwan wankin ba ya buƙatar ƙarfi: tafasasshen ruwa da ya huce, da gishiri gram 9 a lita 1, ya isa. Alkol da ruwan jabel suna kashe sabon nama tare da ƙwayar cutar. Ruwan magungunan wanke ciwo irin Betadine da Dakin suna da amfani a ciwo mai datti na ɗan lokaci, ba na wata da watanni ba. Mataccen nama, rawaya ko baƙi, sai ma'aikacin lafiya ya cire shi kafin ciwo ya fara tafiya, in ban da busasshen baƙi a ƙafar da jini ba ya isa, wanda ba a taɓawa sai likita ya gani.

Kafson da ake saye a tiren mai talla a fasa a barbaɗa ba ya rufe gyambo. Kowane tsohon ciwo da ƙwayoyin cuta a samansa, kuma ba su ne suka buɗe shi ba. Maganin kashe su yana da wurinsa, lokacin da cutar ta shiga nama ko ƙashi, kuma sha ake yi ko allura, bisa umarnin likita. Barbaɗawa koya wa ƙwayoyin jure magani kawai take, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Man shafawa masu sinadarin kotizon, har da mayukan bilicin, suna sa fata ta yi laushi ta ƙi haɗewa.

Ban raina abin da kakanni suka bari ba. Bagaruwa tana kama nama ta rage ruwa, shi ya sa ake ganin kamar an samu sauƙi, sai dai busar da sama take ta bar dalilin yana nan. Zuma da sukari har a asibitoci ana amfani da su wajen tsabtace ciwo. Amma toka da ƙasa da kashin dabba hanyar tetanos ce, ciwon nan mai sandarar da jiki ya kulle haƙora, don haka duk mai gyambo ya tabbata ya yi allurar rigakafinsa. Wanda kuma zuciyarsa ta ba shi cewa wani abu ya taka, ba zan yi masa dariya ba, domin ciwon da ya ƙi jin magani shekara biyu dole ya sa mutum tunani. Ya yi addu'arsa, ya kuma je a auna masa suga da sikila da bugun jinin ƙafar. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Abinci ma magani ne, ga shi a wasu gidaje shi ake fara hanawa, a ce ƙwai ko gyaɗa ko nono na kawo mugunya. Gyambo mai ruwa yana zubar da sinadarin gina jiki kullum, da me za a mayar? Wake, ƙwai, nono, kifi, nama in an samu, zogale, lemun tsami, duk abin da hali ya kai. Zafi kuwa, in ba a kula da shi a asibiti ba, tramol ɗin bakin hanya ne zai karɓi mutum, ya zo da ciwo ɗaya ya koma da biyu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kunya. Wari ke fara raba mai gyambo da mutane. Ya daina shiga sahun gaba, daga baya ya daina zuwa jam'i. Mace ta daina zuwa biki da suna, ta dinga jan zane har ƙasa. Mai sayar da abinci ya ga masu saye sun janye. Yawancin warin nan yana da magani: cire mataccen nama, sauya ɗauri kafin ya jiƙe sharkaf, wani lokacin da metronidazol da likita zai rubuta. Game da alwala, malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa wanda ruwa zai cutar da ciwonsa shafa yake yi a kan ɗaurin, ba sai ya kwance ba. Mutane da yawa ba su san wannan sauƙi ba, suna kwance bandeji sau biyar a yini, ko su bar salla cikin mutane gaba ɗaya. Ya kamata limamai su riƙa faɗa. Ƴan'uwa kuma su zauna kusa da shi su ci abinci tare, domin mafi yawan gyambo ba ɗauka ake yi ba.

Kuɗi kuwa su ne ƙashin bayan matsalar. Kulawar kyauta da aka kawo a 2006 ta ƙananan yara ce da mata masu ciki, babba mai gyambo daga aljihunsa yake biya. An rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi a 2024, abin a yaba ne, amma auduga da bandeji da kuɗin mota zuwa wanki, wata bayan wata, suna nan. Shi ya sa ake farawa a bari, a koma ga mai talla. A ganina nan ne ya kamata hukumomin lafiya su duba. Na'urar awon suga, ƴar Doppler, bandeji mai talewa, da ma'aikaci ɗaya da ya iya naɗi a kowace cibiyar lafiya ta karkara ba su kai tsadar yanke ƙafa ɗaya da zaman gidan da ke biyo baya ba. Babban asibitin jihar Tawa da asibitin Galmi, da ke aiki tun 1950, sai a bar musu masu buƙatar tiyata da dashen fata.

Mai ciwon ma yana da hanyar gane ko ana ci gaba. Ya ɗora farar leda mai tsabta a kan ciwon ya zana bakinsa da biro, ko ya ɗauki hoto da waya da ma'auni a gefe, mako-mako. Ido yana ruɗi, zane ba ya yi. In aka yi mako 4 ana abin da ya dace bai ragu da kamar kashi ɗaya cikin uku ba, akwai abin da aka tsallake, sai a koma kan dalili: a sake awo, a ɗauki hoton ƙashi, ko a yanki nama a duba.

Bayan ya rufe ma da sauran aiki, don sabuwar fatar ba ta kai ta asali ƙarfi ba, dalilin da ya buɗe ta kuma yana nan. Mai matsalar komawar jini zai ci gaba da sa safa mai matsewa, ya sa da safe kafin ƙafa ta kumbura, ya cire da dare, ya riƙa shafa man kaɗe ko basilin kada fatar ta tsage. Inda ake aikin toshe jijiyar da ta lalace, yana rage dawowar ciwon, ya dace a tambayi likitan tiyata. Mai suga ba shi ba tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida, kuma ya zazzage takalmin ya sa hannu ciki kafin ya saka. Mai sikila da ya ga ɗan ƙurji ko karce a idon sawu ya kai a duba a makon, kada ya jira ya ga ko zai kame da kansa.